Tattakin Selma Zuwa Montgomery na 1965: Yadda 'Yan Sandan Soja Suka Yi wa Masu Neman 'Yancin Zaɓe Rakiya

Gabatarwa

Akwai wasu hotuna iri biyu da na daɗe ina nuna wa ɗalibai a duk lokacin da darasi ya kawo mu kan tarihin baƙaƙen fatar Amurka. Dukkansu an ɗauke su ne a wuri ɗaya, wato gadar Edmund Pettus da ke kan kogin Alabama a garin Selma, kuma mako biyu ne kacal a tsakaninsu. A na farko, na ranar Lahadi 7 ga Maris 1965, ana ganin mutane masu kaki suna dukan masu tattaki da kulake cikin hayaƙin barkonon tsohuwa. A na biyu, na ranar Lahadi 21 ga Maris, ana ganin jama'a suna haye wannan gada cikin natsuwa, masu kaki suna tsaye a gefen hanya suna gadinsu. Tambayar da ɗalibai kan yi ba ta wuce guda ɗaya: "Malam, to me ya canza?"

Amsar da ake yawan bayarwa ita ce, zuciyar mutanen Amurka ce ta motsa da suka ga dukan a talabijin. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma ba ta gamsar da ni ba, domin tausayi ba ya tsare gada. Abin da na fahimta shi ne, a cikin waɗannan kwanaki 14 an sauya wanda masu bindiga ke karɓar umarni daga gare shi, kuma an bi ta kotu da doka aka yi hakan. Wannan shi ne abin da nake so in bayyana a wannan maƙala, tare da nuna inda kariyar ta tsaya, domin ba ta yi nisa ba kamar yadda ake zato.

Masu kaki iri-iri

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san cewa a Amurka babu rundunar 'yan sanda guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. Kowane gari yana da nasa 'yan sanda. Kowace gunduma tana da sherif, wanda jama'a ke zaɓa kamar yadda ake zaɓen kansila, kuma a wancan zamani a Alabama yana iya rantsar da fararen hula su zama mataimakansa. Sa'an nan akwai 'yan sandan jiha, waɗanda ke ƙarƙashin gwamna. Dattawanmu da suka riski zamanin 'yan doka na En'e ba za su sha wahalar gane wannan tsari ba, kuma sun san abin da kan faru idan mai riƙe da 'yan doka shi ne abokin hamayyarka a siyasa.

Bayan waɗannan akwai dakarun tsaron jiha. Su mutanen gari ne, manoma da masu kanti da ma'aikata, waɗanda ake ba horon soja, sai buƙata ta taso a kira su. Gwamna ne shugabansu, amma doka ta ba Shugaban Ƙasa ikon karɓe su ya mayar da su ƙarƙashin tarayya. Daga sama kuma sai sojojin tarayya, waɗanda a cikinsu ne ake samun 'yan sandan soja. Aikin waɗannan na yau da kullum shi ne kula da ɗa'ar sojoji, da tsare barikoki, da tafiyar da ayarin motoci a kan hanya, ga kuma horo da suke da shi na kwantar da tarzoma. Saboda haka idan aka rasa yadda za a yi sai an sa soja a tsakiyar fararen hula, su ne suka fi dacewa.

Sai dai sa sojan tarayya aikin ɗan sanda abu ne da Amurkawa ke ƙyama. Bayan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, sojojin tarayya sun zauna a jihohin kudu, kuma a ƙarƙashin inuwarsu ne 'yantattun bayi suka fara jefa ƙuri'a. An janye su daga wannan aiki a 1877, a 1878 kuma aka kafa doka wadda ta hana amfani da soja wajen zartar da dokar farar hula, in ba inda tsarin mulki ko majalisa suka yarda ba. Ƙofar da ta rage ita ce tsohuwar dokar murƙushe tawaye ta 1807, wadda aka faɗaɗa daga baya har ta ba Shugaban Ƙasa damar tura soja idan jiha ta kasa, ko ta ƙi, kare haƙƙin 'yan ƙasa. Shekara 80 aka yi babu shugaban da ya bi ta wannan ƙofa domin baƙaƙen fatar kudu.

Little Rock da Oxford

Eisenhower ne ya buɗe ta a 1957. A garin Little Rock na jihar Arkansas, Gwamna Orval Faubus ya jibge dakarun tsaron jiha a ƙofar wata makarantar sakandare domin su hana yara tara baƙaƙen fata shiga, alhali kotu ta ce a karɓe su. Ranar 24 ga Satumba Eisenhower ya karɓe dakarun daga hannun gwamnan, ya kuma aiko da sojojin laima na runduna ta 101. Kashegari yaran suka shiga aji. Dakarun da suka tare ƙofa su ne daga baya aka bar wa gadin yaran.

Na biyu shi ne na Oxford a jihar Mississippi, a 1962, kuma a nan ne 'yan sandan soja suka fara fitowa fili a wannan aiki. Kotu ta umarci jami'ar jihar ta ɗauki James Meredith, tsohon sojan sama baƙar fata. Daren 30 ga Satumba aka yi tarzoma a harabar jami'ar, aka yi wa dogaran kotun tarayya ruwan duwatsu da harsasai, mutum biyu suka mutu, ɗaya daga cikinsu ɗan jarida ne Bafaranshe mai suna Paul Guihard. Shugaba Kennedy ya turo soja, kuma bataliyoyin 'yan sandan soja na 503 da 716 da 720 suna cikin waɗanda aka aiko. Bayan ƙura ta lafa, 'yan sandan soja ne suka ci gaba da bin Meredith daga ɗakin kwana zuwa aji na tsawon watanni, shi kuwa ya kammala a watan Agusta 1963. Daga baya ma ya zo Nijeriya ya yi karatu a Jami'ar Ibadan.

Akwai wani abin kunya da ya faru a Oxford wanda bai kamata a ɓoye ba. Tun 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawar da wariyar launin fata a cikin soja, saboda haka bataliyoyin da suka zo a gauraye suke. Amma a kwanakin farko sai aka janye baƙaƙen sojoji daga sintiri, aka tura su aikin kicin da kwasar shara, wai don kada a harzuƙa Turawan gari. Meredith da kansa ya yi ƙorafi a fili, kuma ba a daɗe ba aka mayar da su bakin aikinsu. Wato rundunar da ta zo karya wariya ta fara da yin wariya a cikin gidanta.

Abin da ya kai mutane kan gada

Gyara na 15 da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1870 ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Jihar Alabama ta kewaye wannan da tsarin mulkinta na 1901, wanda ya ɗora harajin zaɓe da jarrabawar karatu, ya kuma bar wa magatakardan rajista ikon cewa wane ya ci wane ya faɗi. A gundumar Dallas, wadda Selma ce hedkwatarta, baƙaƙen fata da suka isa zaɓe sun kai kimanin 15,000, amma waɗanda ke da rajista a farkon 1965 ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Kwana biyu kawai a wata ake buɗe ofishin rajista. Wanda ya je ya shiga layi kuwa, yana iya rasa aikinsa kafin mako ya zagayo. A gundumar Lowndes da ke maƙwabtaka, inda kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a baƙaƙe ne, babu ko mutum ɗaya daga cikinsu a littafin rajista.

Mutanen Selma, irin su Amelia Boynton, sun yi shekaru suna wannan gwagwarmaya, ƙungiyar ɗalibai ta SNCC ta shigo a 1963, sa'an nan a Janairu 1965 Dakta Martin Luther King ya zo da ƙungiyarsa ta limaman kirista, SCLC. Sherif Jim Clark ya yi ta kama mutane har sai da waɗanda aka tsare suka kai dubbai. Daren 18 ga Fabrairu, a garin Marion da ke kusa, 'yan sandan jiha suka auka wa masu jerin gwano bayan an kashe fitilun titi. Wani saurayi ɗan shekara 26, Jimmie Lee Jackson, ya shiga wani gidan abinci tare da mahaifiyarsa da kakansa, aka bi su ciki, yana ƙoƙarin kare mahaifiyar wani ɗan sanda ya harbe shi a ciki. Ya rasu ranar 26 ga Fabrairu. Sai a 2010, bayan shekara 45, ɗan sandan ya amsa laifi a kotu, aka yanke masa ɗaurin wata shida.

Mutuwar Jackson ce ta haifar da shawarar a taka da ƙafa har Montgomery, babban birnin jihar, a kai wa Gwamna George Wallace kuka. Nisan mil 54 ne, wato kimanin kilomita 87, kusan tsakanin Kaduna da Zariya. Ranar 7 ga Maris mutum kimanin 600 suka fito bibbiyu, John Lewis da Hosea Williams suna gaba. Suna gangarowa daga gadar suka tarar da 'yan sandan jiha a ƙarƙashin Manjo John Cloud, da mutanen Clark, wasu a kan dawakai. Cloud ya ba su minti biyu su watse, amma ba a jira minti biyun sun cika ba. An fasa wa Lewis ƙoƙon kai, an doki Amelia Boynton har ta suma, an kwantar da mutum 17 a asibiti. Da dare gidan talabijin na ABC ya katse wani fim da yake nunawa a kan shari'ar 'yan Nazi ya nuna hotunan Selma. Ranar ce ake kira Lahadin Zubar da Jini.

Lewis, kafin a kai shi asibiti, ya faɗa wa jama'a a coci cewa bai ga yadda Shugaba Johnson zai iya tura soja Biyetnam ya kasa tura su Selma ba. Kashegari, 8 ga Maris, sojojin kundumbala na Amurka kimanin 3,500 suka fara sauka a Da Nang.

Alƙali da gwamna da shugaban ƙasa

Mutumin da ba a cika ambatarsa ba a wannan labari, alhali da babu shi da babu hoto na biyu, shi ne Alƙali Frank Johnson na kotun tarayya da ke Montgomery. Bature ne haifaffen Alabama, Eisenhower ya naɗa shi a 1955, kuma tare suka yi karatun lauya da Wallace kafin siyasa ta raba su. Da lauyoyin masu tattaki suka je gabansa, bai ba su abin da suke so nan take ba. Ya ce a dakata da tattaki sai ya saurari ɓangarorin biyu. Wannan ya jefa King cikin tsaka mai wuya, domin ɗaruruwan limamai da sauran jama'a sun riga sun amsa kiransa sun cika Selma. Ranar Talata 9 ga Maris ya ja mutum fiye da 2,000 suka haye gada, suka durƙusa suka yi addu'a, sa'an nan ya juya da su gida. Matasan SNCC sun ji haushi ƙwarai, wasu suka ce ya sayar da su. Ni a ganina da King ya keta umarnin kotun tarayya a ranar, da ya ƙona gadar da ita kaɗai za ta kawo masa soja, domin Shugaban Ƙasa ba zai tura dakaru su kare tattakin da alƙalinsa ya hana ba. A daren nan ne wasu Turawa suka doki James Reeb, wani limami Bature daga Boston, ya rasu bayan kwana biyu. Johnson ya buga wa matarsa waya ya yi ta'aziyya. Mutanen Marion sun lura cewa iyalin Jackson ba su sami irin wannan ba.

Ranar 13 ga Maris Wallace ya je Fadar White House suka yi doguwar ganawa da Johnson. Ranar 15 Johnson ya tsaya gaban majalisun ƙasar biyu ya nemi a kafa dokar 'yancin zaɓe. Ranar 17 alƙali ya yanke hukunci. Ya yarda cewa toshe babbar hanya na kwanaki ba ƙaramin abu ba ne, amma ya ce girman 'yancin kai kuka ana auna shi ne da girman zaluncin da ake kuka a kansa, zaluncin da aka nuna masa kuwa mai girma ne. Ya halatta tattakin, ya hana jami'an jiha tsangwamar masu yinsa, ya kuma wajabta musu ba su kariya. Har ila yau ya gindaya sharaɗi: inda hanya mai lamba 80 ta tsuke ta koma layi biyu a gundumar Lowndes, mutum 300 kaɗai za su bi.

Nan fa Wallace ya shiga uku. In ya sa dakarunsa su kare baƙaƙen fata, ya rasa magoya bayansa. In ya ƙi, ya raina kotu. Sai ya ce jihar ba ta da kuɗin ɗaukar wannan nauyi, gwamnatin tarayya ta kawo nata jami'an. Abin da Johnson yake jira ke nan. Wallace ya gina sunansa a kan cewa kowace jiha ita ke da iko da harkokinta, ga shi yau da bakinsa ya ce ya kasa aikin farko na kowace hukuma. Ranar 20 ga Maris, daga gonarsa a Texas, Johnson ya sa hannu a kan umarni mai lamba 11207, ya karɓe dakarun tsaron Alabama kimanin 1,800. Ya haɗa su da bataliya biyu ta 'yan sandan soja, kimanin mutum 1,000, ta 503 daga barikin Fort Bragg da ta 720 daga Fort Hood, wato biyu daga cikin ukun da suka yi aikin Oxford. An sauke su a sansanonin sojan sama na Craig kusa da Selma da Maxwell a Montgomery. Ga kuma jami'an FBI da dogaran kotun tarayya, da wasu sojojin da aka ajiye cikin shiri a Fort Benning. Ramsey Clark, mataimakin ministan shari'a, shi aka tura ya kula da komai a madadin gwamnati, don a nuna cewa farar hula ne ke riƙe da linzami.

Wanda ya jagoranci dakarun jihar shi ne Birgediya Janar Henry Graham, mutumin Birmingham mai sana'ar dillancin gidaje. Ba wannan ne karo na farko da ya sami kansa a wannan hali ba. Ranar 11 ga Yuni 1963, lokacin da Wallace ya tsaya a ƙofar Jami'ar Alabama don hana ɗalibai biyu baƙaƙe shiga, Graham ne ya je, bayan Kennedy ya karɓe dakarun, ya sara wa gwamnansa ya roƙe shi ya kauce, ya kuwa kauce.

Me ya sa ba a wadatu da dakarun jiha kaɗai ba, ko da sojojin tarayya kaɗai? Fahimtata ita ce kowanne yana rufe gibin ɗan'uwansa. Dakarun jiha kusan dukkansu Turawan Alabama ne, rundunarsu ma Dixie ake kiranta, sunan da ake yi wa kudancin ƙasar kirari da shi. Da yawansu ra'ayinsu ɗaya da masu zagin da ke bakin hanya, saboda haka barinsu su kaɗai tamkar ba kura ajiyar nama ne. Amma kuma ɗan Ku Klux Klan zai yi tunani sau biyu kafin ya yi harbi inda ƙanensa ko maƙwabcinsa ke tsaye, kuma ba wanda zai ce 'yan arewa ne suka sake mamaye kudu. Su kuwa 'yan sandan soja baƙi ne, daga jihohi daban-daban, ba su da dangi ko abokin ciniki a Selma da za su ji nauyinsa.

Kwana biyar a kan hanya

Ranar Lahadi 21 ga Maris mutum fiye da 3,000 suka tashi daga cocin Brown Chapel. A sahun gaba, ban da King da Ralph Abernathy da John Lewis, akwai Ralph Bunche na Majalisar Ɗinkin Duniya da malamin Yahudawa Abraham Heschel. Jirage masu saukar ungulu suna shawagi a sama, motocin jif suna gaba da baya, an tsare mahaɗun hanyoyi, ƙwararrun kwance bam suna riga jama'a isa kowace gada da kwalbati su duba ƙarƙashinta. Wannan ba tsoron banza ba ne, domin a wannan rana an gano bama-bamai a unguwannin baƙaƙen fata a Birmingham, sojoji suka kwance su.

Ranar farko mil 7 aka yi, aka kwana a gonar wani manomi baƙar fata, David Hall, aka mayar da mafi yawan jama'a Selma a motoci da jirgin ƙasa. Ranar Litinin mutum 300 suka shiga Lowndes, inda hanya ta ratsa dausayi da kurmi, wurin da maharbi zai ɓuya ba a gan shi ba. Nan ne aka fi jin tsoro, nan ne kuma sojoji suka fi yin aiki. Sun yi mil 16 suka kwana a filin wata dattijuwa, Rosie Steele. Ranar Talata ruwa ya kece, aka yi mil 11 cikin ruwa, aka kwana cikin taɓo a gonar Robert Gardner. Kowane dare sojoji kan kewaye zangon har gari ya waye. Ranar Laraba hanya ta sake faɗi, jama'a suka yi ta ƙaruwa, aka sauka a harabar wata cibiyar Katolika mai suna City of St. Jude a bakin Montgomery, inda Harry Belafonte ya tara mawaƙa aka raba dare.

Ranar Alhamis 25 ga Maris mutum kimanin 25,000 suka isa gaban majalisar jihar, ginin da aka rantsar da Jefferson Davis a matsayin shugaban 'yan awaren kudu a 1861, tutar 'yan awaren kuma tana kaɗawa a samansa. King ya yi jawabi. Wallace bai fito ba, sai bayan 'yan kwanaki ya karɓi wakilan da suka kawo takardar koke. A cikin kwana biyar ɗin nan an sha zagi da ashar daga bakin hanya, amma ba a kashe ko mutum ɗaya daga cikin ayarin ba.

Wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko wannan bai saɓa wa aƙidar King ta ƙin ɗaukar makami ba, tunda ga shi bindigogi dubu uku suna gadinsa. Tambaya ce mai ma'ana, kuma masu sukar King sun yi ta tun yana raye. Abin da na ce masa shi ne, King bai taɓa cewa hukuma ta ajiye makaminta ba. Abin da ya hana shi ne mabiyansa su ɗauki doka a hannunsu. Dabarar tasa gaba ɗaya ta ginu ne a kan jure duka a idon duniya har sai hukumar da ke sama ta ji kunyar ci gaba da kallo. Sai dai wannan dabara tana buƙatar a sami hukuma ta sama mai jin kunya, da kotun da ake jin maganarta, da soja mai bin umarnin farar hula ko da ransa ba ya so.

Bayan an watse

Umarnin kotu ya shafi tattaki ne, aikin soja kuma ya bi umarnin kotu. Da aka tashi daga taro da yammacin Alhamis, dubban mutane suna buƙatar a mayar da su Selma, sai masu motoci suka shiga jigila a kan wannan hanya mai lamba 80, wadda babu sauran sojoji jere a gefenta. Cikinsu akwai Viola Liuzzo, Baturiya 'yar shekara 39 mai 'ya'ya biyar, wadda ta tuƙo motarta tun daga Detroit bayan ta ga dukan gada a talabijin. Ta sauke wasu a Selma, tana komawa Montgomery ɗauko wasu tare da wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 19, Leroy Moton, sai wata mota ɗauke da 'yan Ku Klux Klan huɗu ta bi su. A cikin gundumar Lowndes suka cim musu suka harbe ta a kai. Moton ya tsira ne da ya kwanta cikin jininta kamar matacce.

Kashegari Johnson ya ba da sanarwar kama mutanen a talabijin. Dalilin wannan sauri shi ne ɗaya daga cikin huɗun, Gary Thomas Rowe, ɗan rahoton FBI ne, yana zaune cikin motar aka yi harbin. A kotun jiha da ke Hayneville, masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda dukkansu Turawa ne, sun kasa daidaitawa a shari'ar farko, a ta biyu kuma suka wanke wanda ake tuhuma. Sai a Disamba 1965, a kotun tarayya gaban Alƙali Frank Johnson, aka sami mutum uku da laifin haɗa baki wajen tauye haƙƙin 'yan ƙasa, aka yanke wa kowanne shekara 10. Mutum ukun da aka tuhuma da kisan Reeb kuwa, kotun jiha ta sallame su a wannan wata.

Johnson ya sa hannu a kan dokar 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agusta 1965. Ta dakatar da jarrabawar karatu, ta ba da damar tura magatakardan tarayya su yi rajista da kansu, ta kuma tilasta wa jihohi irin su Alabama neman izinin tarayya kafin su sauya dokokin zaɓe. Baƙaƙen fatar Alabama masu rajista sun tashi daga kimanin kashi 19 cikin 100 a 1965 zuwa fiye da kashi 51 a 1967. A zaɓen 1966 Jim Clark ya rasa kujerarsa. Sharaɗin neman izinin nan ya yi aiki har 2013, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin da ake bi wajen tantance jihohin da ya shafa, a wata ƙara da wata gundumar Alabama, Shelby, ta shigar.

Su kuwa mutanen Lowndes, waɗanda suka fito bakin hanya suna ɗaga wa ayari hannu sojoji na tsaye, su aka bari da maƙwabtansu. Mako biyu bayan sa hannu a kan dokar, ranar 20 ga Agusta, wani Bature mai taimaka wa sherif, Tom Coleman, ya harbe Jonathan Daniels, ɗalibin koyon limanci, a ƙofar wani kanti a Hayneville da rana tsaka, kotu kuma ta wanke shi. Manoman da ke noma a gonakin Turawa, waɗanda suka je suka yi rajista, an kore su daga gidajensu. Suka kafa tantuna a wani fili a gefen hanya mai lamba 80, wasu iyalai suka yi kusan shekara biyu a ciki, ana harbin zangon da dare. A wannan karo ba a turo bataliya ba, mazan zangon ne ke kwana da bindigoginsu na farauta suna gadi. Bataliya ta 720 ma an tura ta Biyetnam a 1966. Mutanen gundumar suka kafa jam'iyyarsu mai alamar baƙar damisa, suka tsaya zaɓen 1966 suka faɗi. Sai a 1970 ɗaya daga cikin shugabanninta, John Hulett, wanda yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka sami rajista a gundumar a 1965, ya ci zaɓen sherif na Lowndes.